Ranar Haihuwar Ɗan Inna

Na san labarin ya iso kunnuwanku, domin a danginmu magana ba ta kwana. Kun ji an ce uwarku ta je wani ƙauye a Gagarawa ta zubar da kunyarta a gaban mata, wai kuma kwamfuta ce ta jawo. Yaya Hansai ce ta fara faɗa, kuma har yau idan aka haɗu wajen biki a Ɗanzomo sai ta san yadda ta yi ta taɓo zancen. Ban taɓa mayar mata ba, gaba take da ni. Amma ku zan gaya muku yadda aka yi tun idona na ganin rubutu, domin abin ba na kwamfuta ba ne. Tsakanina ne da babban yayanku.

Ba sai na faɗa muku cewa ban taɓa kiran sunansa ba, kun tashi kun tarar. Ɗan fari ne. A Ɗanzomo na haife shi, a ɗakin mahaifiyata Inna, kuma ana yaye shi ta zo Gumel ta goya abinta ta koma da shi. A can ya girma, ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya, sai da na sauke farali ya koma ce mini Hajiya. A bayan idonsa ɗan Inna nake cewa, a gabansa kuwa "kai" ta ishe ni. Ban taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba, sai dai in ce wa ɗayanku ya duba ko akwai baƙo a zaure. Haka na tarar ana yi. Haka Inna ta yi wa Yaya Hansai, wadda ita ce ta farinta, har ta koma ga Allah ba ta kira sunanta ba. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin so ba, kuma na yi zaton shi ma bai ɗauka ba. Ya girma ya zama direba, yana lodin Gumel zuwa Maigatari, kuma duk Juma'a bayan masallaci sai ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri.

Ni kuma kun san aikina. Na yi shekaru a sashen lafiya na ƙaramar hukuma ina riƙe da alƙaluman yara, awo da rigakafi, da biro da hannuna. Ina dab da hamsin aka kawo wani shiri na bibiyar lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ma'aikata su shiga gida gida da waya su ɗauko bayani, mu kuma a ofis mu tace, mu fitar da sunayen yaran da za a riƙa bi da awo da maganin zazzaɓin damina. Aka turo mana wani Malam Nura daga Kano ya koya mana yaren kwamfuta na lissafi, mai suna da harafi ɗaya tal, R. Ni kaɗai ce mace a ajin, ni ce kuma tsohuwar ciki. Ranar farko ya dube ni yana neman yadda zai ba ni haƙuri, na ce masa an ce gemu ba ya hana ilimi, to ni ko gemun ba ni da shi, ya fara kawai.

Abin da ya fi wahalar da ni kwanan wata ne. R bai san rana ba sai ka gaya masa. In ka ba shi uku da biyar da shekara, kallonsu yake kamar kowane rubutu, sai ka faɗa masa wanne ne rana, wanne ne wata. Ma'aikatanmu kuwa kowa da irin hannunsa, wannan ya fara da rana, wancan wayarsa ta fara masa da wata, wani ma ya rubuta "bayan Sallah" ya wuce abinsa. Idan R ya gane ranar, sai ya mayar da ita lamba guda, wato yawan kwanakin da suka shige tun daga ɗaya ga Janairun 1970, domin daga nan yake fara ƙirgarsa. Da haka yake ɗebe ranar haihuwa daga ranar ziyara ya ba ka watannin yaro. A makon farko, don son teburina, wato jadawalin alƙaluma, ya yi kyau, na bi duk guraben da babu komai na cike su da sifiri. Sai ga jarirai tuli an haife su a Janairun 1970, duk sun girmi iyayensu mata. Malam Nura ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya nuna mini cewa gurbin da ba a sani ba barinsa ake da haruffa biyu, NA, kuma duk lissafin da ya taɓa NA shi ma NA yake zama. Daga baya na saba har na riƙa jin daɗin abin. Na fi son inda za ka ba shi kowace rana, ko ta shekara talatin baya, ya gaya maka Talata ce ko Asabar.

Damina ta kusa, sunaye suka fita, sai ƙorafi ya fara zuwa daga ƙauyuka cewa an ɗauki bayanin wasu yara amma ba a zo musu awo ba. Na koma na bi aikina layi layi. Ashe lokacin da na ce wa R ya zaɓo mini waɗanda ba su kai shekara biyar ba, duk yaron da ranar haihuwarsa take NA bai ce ya kai ba, bai ce bai kai ba, barinsa ya yi a baya ba tare da ya yi mini ko tari ba. Na tattaro waɗanda aka bari na jera su ƙauye ƙauye, ban ga komai ba. Na jera su bisa ma'aikacin da ya ɗauko su, nan ma babu. Da na jera su bisa na nawa ne a wurin uwarsu, sai na ga mafi yawansu na ɗaya ne. Malam Nura ya leƙo ya ce ai 'yan fari sun fi daɗewa a duniya, shi ya sa iyayen suka manta.

Na ce, "Malam, mace takan manta na biyar, takan haɗa na shida da na bakwai. Na fari ba a mantawa."

"To me ya hana su faɗa?"

"A gaban wa aka tambaye su?"

Ya dafe kai. Ya ce a cikin birni abin ya fara ja da baya, shi uwarsa gatsal take kiran sunansa, shi ya sa bai kawo hakan a ransa ba. Muka zauna muka tsara dabara. Ba za a nemi kwanan wata ba. Za a tambayi kaka ko wata babba a gidan wace rana ce a mako, kusa da wace Sallah ko wane azumi, gona tana wane hali. Malam Nura yana da teburin ranakun Sallah da azumi na shekaru masu yawa. Sai R ya jero duk kwanakin da ke tsakani, ya tsamo Talatar ko Larabar da ta dace. Aka ce ni zan fara gwadawa a Gagarawa, inda guraben suka fi yawa. Motar ofis tana gareji, aka aika tasha a ɗauko shata, kuma da na fito da jakata sai na ga motar ɗan Inna ce a bakin ƙofa. Na shiga baya na ce, "Kai, mu je."

Gidan da aka tara mana mata a wani ƙauye ne da ke gaba da Gagarawa kaɗan, babban gida mai dangar kara. Ɗan Inna ya ajiye motar a inuwar dalbejiya, jikin dangar, ya kunna rediyo ya kishingiɗa. A ciki mata sun cika tsakar gida. Wadda na zo dominta musamman wata yarinya ce, Sa'ade, mai ɗa guda ɗan shekara biyu ko kusa, siriri, yana hannun kakarsa ta wajen uba, Iya Tabawa. Na tambayi Iya, ta ce ita dai ta san da damina ne, ranar kuwa ba ta gari, ta je gaisuwar mutuwa. Na juya ga Sa'ade, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai na gyara zama na fara wa'azi irin namu na ma'aikata: cewa kunya aba ce mai kyau amma ba ta hana magani, cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, cewa yaron nan in babu ranarsa babu sunansa a wurinmu. Na yi magana mai daɗi, har ni kaina na ji na burge. Iya Tabawa ta bari na kai aya, tana ɓare gyaɗa a faifai, sannan ta ɗago.

"Hajiya, ke ma ai uwa ce. Kina da na fari?"

Na ce, "Akwai."

"To buɗe mana hanya mana. Wace rana kika haife shi?"

Matan ba su san wane ne a bayan danga ba, ni na sani. Kuma a daidai lokacin na lura rediyon motar ya daina magana. Ranar tana bakina, ko a barci aka tashe ni zan faɗe ta. Amma sai na ji kamar Inna tana zaune a gefe tana kallona, ita da ta rasu shekaru da dama. Na sunkuyar da kai na ce,

"An daɗe, Iya. Ban riƙe ba."

Matan suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta mun gano ki. Iya Tabawa ta ce, "Kin gani ko? Ke mai boko ma ke nan," ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na samu ranakun wasu yara daga bakin kakanni, ta ɗan Sa'ade kuwa ban samu ba, na tattara kayana na fito.

Muka kamo hanyar dawowa ni da ɗan Inna. Shi da ba ya wuce mai rake ko ɗan kamasho bai yi masa tsiya ba, ranar ko hon bai danna wa kowa ba. Ya sauke ni a Gumel ya ce Allah ya huta gajiya, ya ja mota. Juma'a ta zo bai zo ba. Wata Juma'ar ma sai matarsa Maryam ce ta shigo da ledar cefane ta ce ya aiko ta, lodi ya yi masa yawa. Na san ranar Alhamis ake lodin Maigatari, ba Juma'a ba. Ban tambaye ta ba, ba a tambaya, amma ita yarinya ce mai hankali. Da ta zo fita ta tsaya tana gyara goyo, ta ce tana kallon ƙasa,

"Hajiya, ya ce da ma can ya san ba a riƙe ba. Ya ce ji da kunne ne dai ya fi ciwo."

Kunya ta rufe ni a gaban surukata, kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma ba irin kunyar da aka koya mini ba ce, wadda mace take yi a yaba mata. Shekara talatin ina zaton shiruna magana ce da yake ji, ashe shi shiru kawai yake ji. Na kwana biyu ko abinci ba ya wuce mini.

Wata rana da azahar, kowa ya fita salla da cin abinci, na zauna gaban kwamfuta na yi wa kaina abin da muka tsara wa matan ƙauye. Na san shekarar, domin ita ce ta biyo bayan gama makarantata ta kiwon lafiya. Na duba Babbar Sallar shekarar a teburin Malam Nura, na sa R ya jero kwanakin da ke bayanta, na ce ya ba ni Alhamis ta farko. Layi ɗaya ya fito. Ba zan rubuta ta a nan ba, tasa ce. Takardunsa duk ɗaya ga Janairu suka ce, kamar na rabin mutanen Ɗanzomo, domin haka malamin firamare ya ga dama ya rubuta. Ina cikin kallon layin Malam Nura ya turo ƙofa, na yi maza na goge kamar wadda aka kama da hannu a tukunyar nama.

Na gaya wa mahaifinku, a kaikaice, yadda ake gaya wa miji irin wannan magana. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, in faɗa wa Maryam ta kai masa. Na yi ta juya shawarar, na ga ba za ta yi ba. Da kunnensa ya ji na ce ban riƙe ba, kuma a gaban mutane. In saƙo ya je masa ta bakin matarsa, cewa zai yi kwamfuta ce ta tuna mini, ko lallashi ne. Na kuma san abin da zai biyo baya in na yi abin da zuciyata ke raya mini, domin a cikin matan gidan nan na ga wata 'yar Ɗanzomo da ke aure a can, kuma ta gane ni. Duk da haka na ce wa Malam Nura akwai sauran aiki a ƙauyen, a sake ɗauko mini motar da ta kai ni. Ɗan Inna ya zo, domin aiki aiki ne. Ya gaishe ni a taƙaice, na amsa a taƙaice.

Ya ajiye motar a inda ya ajiye ta wancan karon. Na zaɓi tabarmar da ke kusa da danga na zauna. Bayan an gama gaisawa na ce wa Iya Tabawa na zo da amsar tambayarta. Ta ce wace tambaya, ita har ta manta. Na ɗaga murya fiye da yadda tsakar gidan ke buƙata.

"Ranar nan ƙarya na yi miki, Iya. Na riƙe. Alhamis ce, ta farko bayan Babbar Sallah, tsakanin azahar da la'asar. Maza duk sun tafi kasuwar Maigatari. Gero ya fitar da kai, naman layya bai ƙare ba, kuma ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ungozoma ta iso a jiƙe."

Iya Tabawa ta yi salati ta ajiye faifanta. Wasu suka rufe baki, wata tsohuwa ta tashi ta shige ɗaki, 'yar Ɗanzomon nan kuwa ta zuba mini ido, na san kafin magariba labari ya isa wurin Yaya Hansai. Ba zan ɓoye muku ba, na ji na yi abin da 'yar mutunci ba ta yi. Har yau in na tuna sai na ji haka. Iya Tabawa ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "To, Allah ya kyauta. Zamani riga." Can sai na ji murya ƙasa ƙasa daga cikin mayafi a gefena. Sa'ade ce.

"Talata ce. Ana gobe azumi."

Na rubuta ban dube ta ba, don kada in ƙara mata nauyi. A makon nan sunan yaron ya shiga cikin na awo.

Da na fito na tarar da ɗan Inna a tsaye ya buɗe mini ƙofar baya. Muka kama hanya, muka wuce Gagarawa. Sai da muka yi nisa, gonaki hagu da dama, ya ce yana kallon titi,

"Inna ta gaya mini Alhamis ce. Ba ta gaya mini an yi ruwa ba."

Na ce, "An yi."

Ya kauce wa wani rami, sannan ya ce,

"Ta ce da aka miƙo miki ni, juya baya kika yi. Ko kallo ban samu ba."

"Da mutane a ɗakin."

"Da suka fita fa?"

Na juya ina kallon gonakin ta taga. Na so in ce masa ya kalli hanyarsa, abin da na saba faɗa ke nan. Amma na riga na zubar da abin da zan zubar a bayan danga, saura kaɗan ne. Ko a lokacin ban iya cewa "kai" ba, sai na yi maganar kamar ta ɗan wata.

"Da suka fita na jawo shi. Na ƙirga masa yatsu, hannu da ƙafa. Da na gama na sake farawa."

Ya ɗan ƙara tafiya, sannan ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya ce injin ya yi zafi. Ya fita ya ɗaga bonet ya tsaya a bayansa, inda ba na ganinsa. Motoci biyu suka tsaya suna tambayar ko lafiya, na ji yana ce musu ba komai, su wuce. Ya daɗe a wurin. Jarkar ruwan tana kusa da ƙafata a bayan mota, har ya rufe bonet ɗin ya dawo bai nemi a miƙa masa ita ba.